Laifin Ɓarawon Gashi Ba Na Masunta Ba Ne: Martani Kan Ɗaurin Ƙwaron Fatsa

Malam, na karanta rubutunka na fitowar da ta gabata har sau biyu, na biyun ina zaune gaban ɗan teburin da nake ɗaura ƙwaron fatsa a kai, wato sana'ar da ka yi wa kaca-kaca. Ka ba da labarin saurayin nan Edwin Rist da ya fasa gidan adana tsuntsaye na garin Tring a Ingila, sannan ka yanke hukunci. Ka ce ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya don a yaudari kifi wasa ne na masu kuɗin da suka rasa aikin yi. Ka ce wasan ba ya rayuwa sai da jinin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ka kuma ce abin da ake ɗaura wa kifin teku da zaren roba bai cancanci a kira shi sana'a ba, tunda tana ɗaya daga bakin rafi ta isa. Ina girmama alƙalaminka, amma a nan ka ɗauki laifin mutum guda da 'yan tsirarun abokan cinikinsa ka ɗora wa jama'ar da ba su ji ba, ba su gani ba.

Satar kam ta auku, kuma ta fi yadda ka faɗa muni. A watan Yunin 2009 Rist, Ba'amurke ɗan shekara 20 mai koyon busa sarewa a Landan, ya fasa taga cikin dare ya cika akwati da fatun tsuntsaye 299. Cikinsu har da waɗanda Alfred Russel Wallace ya tattaro daga tsibiran Malay tsakanin 1854 da 1862. Da 'yan sanda suka cim masa a ƙarshen 2010 sun tarar da 174 a ɗakinsa, amma 102 ne kaɗai ke ɗauke da 'yar takardar da ake ɗaura musu a ƙafa. Wannan takardar ita ke faɗin inda aka kama tsuntsun da shekarar da aka kama shi, kuma in babu ita fatar ta tashi daga abin bincike ta koma tsumma mai launi. Da irin waɗannan tsofaffin fatu masana suka auna yadda gubar zaiba ta riƙa ƙaruwa a teku, ta hanyar gwada gashin tsuntsayen ruwa na da da na yanzu. Hukuncin da kotu ta yanke a 2011, ɗaurin wata 12 da aka jingine, ni ma bai kwanta mini ba.

Sai dai akwai tambayar da ba ka yi ba, ita ce su wa suka sayi gashin. Cikin masu ɗaurin ƙwaro akwai wani ɗan rukuni da ke kwaikwayon ƙwarin kifin salmon na zamanin Sarauniya Biktoriya, daidai da yadda littattafan lokacin suka tsara, musamman na George Kelson da ya fito a 1895. Ƙwaro ɗaya yakan ci musu yini guda. In sun gama sai su sa shi cikin gilashi su rataye a bango, ƙugiyar ba za ta taɓa jin sanyin ruwa ba. Da yawa daga cikinsu ko bakin kogi ba sa zuwa. Kasuwar Rist ke nan, kasuwar masu tara kayan ado, kuma ko a cikinsu ɗin akwai masu yawa da ke amfani da gashin talotalo da na agwagwa da aka rina.

Wannan salon ya samo asali ne lokacin da jiragen ruwan daular Ingila ke sauke gashin tsuntsaye daga kowace nahiya don hulunan mata, masu manyan filaye a Sukotland da Ayaland suka shiga gasar wa zai fi wani ƙwaro mai ƙawa. Fitaccen ƙwaron nan Jock Scott na tsakiyar ƙarni na 19, in za a bi tsarin littafi, yana neman gashin tsuntsayen Indiya da na Kudancin Amurka, har da namu na nan, zabo da jimina da tuje. Amma kifin salmon na tekun Atlantika, idan ya baro teku ya hauro kogi don yin ƙwai, ba ya cin abinci. Yana kai wa abu cafka ne ba don yunwa ba. Kelson ya koyar da cewa kowane gashi na da amfaninsa, sai ga shi a ƙarni na 20 masunta sun gwada gashin wutsiyar kurege da na barewa da aka rina, kifi ya ci gaba da kamawa kamar da. Yau in ka tsaya bakin kogin Tweed ko Spey ka buɗe akwatin mai su, abin da za ka gani ke nan. Masunta da kansu suka jefar da tsadadden gashin, tun kafin yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa cinikin tsuntsayen da ke cikin haɗari takunkumi.

Ka ɗauki shekarun Biktoriya kamar su ne asalin sana'ar, alhali reshe ne da ya fito daga baya. Mafi daɗewar bayanin da ake da shi ya zo ne daga marubucin Rum, Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya. Ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke ganin kifi masu ɗige-ɗige suna cafke wani ƙwaro a saman kogi. Ba su iya sa ƙwaron kansa a ƙugiya, domin da zarar hannu ya taɓa shi launinsa ya dushe, fiffikensa ya lalace, kifi ya ƙi shi. Sai suka naɗa jan ulu a ƙugiya, suka ɗaura gashi biyu da suka cire ƙasan leɓar zakara. Ka ga tun daga tushe, dabara ce ta mutumin ƙauye da kifi ya ƙi abin da ya miƙa masa, ya koma gida ya duba abin da ke tsakar gidansa. Wani littafi da aka buga a Ingila a 1496 ya lissafa ƙwari 12 bisa ga watanni, kuma akasarin kayansu ulu ne da gashin makwarwa da agwagwa da kaza. A yankin Leyon na ƙasar Sifen akwai rubutun hannu na 1624 kan wannan aiki, kuma har gobe ana kiwon wasu zakaru a ƙauyukan can saboda gashin bayansu, a cire ya sake fitowa, zakara na nan da ransa.

Da za ka ba ni damar nuna maka mutum ɗaya da zai tsaya a madadin sana'ar, Frank Sawyer zan nuna maka. Ma'aikaci ne mai kula da kogin Avon a kudancin Ingila, aikinsa yanke ciyawar ruwa da gyaran gaɓa. Ya shafe shekaru yana kwanciya rub da ciki a bakin ruwa yana kallon 'yan tsutsotsin da ke zama ƙwari daga baya, waɗanda su ne mafi yawan abincin kifin turawut. Ya lura cewa idan tsutsar za ta yi iyo takan naɗe ƙafafunta a jiki, ta zama kamar tsinke. Waɗanda suka gabace shi suna ta wahalar ɗaura wa ƙwaronsu ƙafafu don ya yi kama da tsutsar da ke kwance cikin kwano. Shi sai ya cire ƙafafun gaba ɗaya, domin kifi ba a kwano yake ganinta ba. Ya ɗauki 'yan silai kaɗan daga wutsiyar fezan, wani tsuntsu dangin makwarwa da ake harbi don ci, ya naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe irin ta cikin tsohon injin lantarki. Ko zare bai sa ba. Wayar ce ke ɗaure gashin, ita ce kuma ke ba ƙwaron nauyin da zai huda ruwa ya sauka daidai bakin kifi. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1958, kuma da wuya ka buɗe akwatin mai kama turawut, daga Amurka har Niyu Zilan, ka rasa wannan ƙwaro. Kuɗin kayansa bai kai na ashana ba. Abin da ya yi tsada a cikinsa shi ne shekarun da mutumin ya yi yana kallon ruwa, kuma a ganina wannan kallon shi ne sana'ar.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa ake ɗaurin tun farko. A fatsar da muka saba, dalma ko nauyin abincin ƙugiya ke jan igiya idan an jefa. A wannan salon igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa a iska kamar bulala, ta ɗauki ƙwaron da kusan ba shi da nauyi ta ajiye shi a hankali. Don haka dole mai ɗauri ya yi lissafin abin da iska da ruwa za su yi wa abin da ya ɗaura. In yana son ƙwaron ya tsaya a saman ruwa, sai ya naɗa gashin wuyan zakara mai tauri, silan su miƙe kamar ƙafafu su dafa fuskar ruwa. In yana son ya nutse yana motsi, sai ya nemi na kaza mai taushi. Kayan aikin ba su da yawa: ɗan matsin ƙarfe mai riƙe ƙugiya, almakashi, da ƙwaryar zare. Mai ɗinkin hula da ya ga ana yi ba zai daɗe bai gane hannun ba.

Inda ka fi ba ni mamaki shi ne batun teku. Ka zargi sana'ar da cinye tsuntsaye, sannan ka raina ɓangaren da ya fi kowane nisa da tsuntsayen daji. Gaskiya ne kifin teku ba ƙwaro yake ci ba, yana cin ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa, sunan ƙwaro gado ne kawai daga kogi. Amma matsalolin da mai ɗauri ke warwarewa a ruwan gishiri sun fi na ruwan daɗi zafi. Gishiri na cinye ƙugiyar kogi da tsatsa, sai an nemi wadda ba ta tsatsa. Iska ba ta kwantawa. Kifi na da haƙora, kuma sau da yawa daƙiƙa kaɗan gare ka daga ganinsa zuwa jefawa.

Lefty Kreh na jihar Maryland ya gamu da wata matsala a gaɓar Chesapeake a ƙarshen shekarun 1950. Dogon gashin da ke kwaikwayon ɗan kifi yakan naɗe a lanƙwasar ƙugiya yayin jefawa, ƙwaron ya riƙa juyi cikin ruwa, kifi ya guje shi. Sai ya mayar da gashin kazar can ƙarshen ƙugiya inda ba abin da zai naɗe a kai, ya lulluɓe gaban da gashin wutsiyar barewa. Cikin ruwa ya buɗe ya yi siffar kifi, da an ɗaga shi ya zubar da ruwan ya zama siriri mai sauƙin jefawa. Ya sa masa suna Deceiver, wato mayaudari, kuma a 1991 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotonsa a kan sarki. Bob Clouser, mai ɗan shago a bakin kogin Susquehanna, a 1987 ya ɗaura wasu idanu biyu na dalma a bayan ƙugiya maimakon cikinta. Nauyin sai ya kifar da ƙugiyar, bakinta ya dubi sama, ta daina maƙalewa a duwatsu, kuma duk sanda aka ja aka saki sai ƙwaron ya yi sama ya yi ƙasa kamar ɗan kifin da ke neman maɓoya. Don kifin kogi ya yi shi, amma ya tsallaka teku, har Kreh ya ce ya kama kifi sama da iri 80 da shi. Wutsiyar barewar nan kuwa ta dabbar da maharba suka riga suka kashe don nama ce, abin da da zubarwa za a yi.

A tsibirin Andros na Bahamas, a 1977, wani baƙar fata ɗan wurin mai yi wa baƙi jagorar su, Charlie Smith, tare da baƙonsa Bob Nauheim, suka fito da ƙwaron da ake kira Crazy Charlie. Idanunsa 'yan ƙwallaye biyu ne da aka yanko daga sarƙar nan da ake ja a kunna fitila. Suna da nauyin da zai kai ƙwaron ƙasa a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ba tare da ƙarar da za ta firgita kifi ba. Ƙaguwar da wani masunci Del Brown ya ɗaura, wadda ya kama kifin famit 513 a rayuwarsa akasari da ita, da zaren kafet ake yin ta. A tsibiran Seychelles akwai kifin da gansakuka yake ci, aka daɗe ana cewa ba ya kamuwa da fatsa, sai da aka ɗaura masa ɗan curin kore mai kama da gansakukar. Ka gaya mini, Malam, wace tana za a sa wa wannan?

Ba raina tana nake yi ba. Da ita na fara, kamar kowane yaron da ya tashi a bakin Neja. Mai neman abin da iyali za su ci yau, birgi da kalli da mamari sun fi masa, ba wanda zai yi musu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa daren farkon damina, shinge na faɗawa, kawara na tafasa ruwan sama, ya san a wannan sa'ar tanar da ke kwance a ƙasa ba ta da kasuwa. Akwai kuma wani bambanci. Kifi yakan haɗiye tana har ciki, sai ka yaga shi kafin ka ciro ƙugiya, ko ƙarami ne ko mai ƙwai. Ƙwaron gashi kuwa da ya ji ba abinci ba ne yake ƙoƙarin tofarwa, don haka galibi a leɓe yake kamawa. In ka matse kunnen ƙugiyar tun farko, sai ka zaɓi wanda za ka kai gida, ka mayar da sauran da ransu. Mu da muke jin dattawa a Yawuri da Baga suna kukan kifi ya ragu, idon koma na ƙara ƙanƙancewa, bai kamata mu yi wa wannan dariya ba.

Batun masu kuɗi kuwa akwai gaskiya a ciki. Hayar yanki a kogin salmon na Sukotland ko mako guda a Seychelles ba na talaka ba ne. Sai dai ka sake duba sunayen da na ambata. Jock Scott, wanda ƙwaron nan ke ɗauke da sunansa, bara ne mai riƙe wa ubangidansa jirgi da sanda. Sawyer mai yankan ciyawar kogi ne. Smith mai tura jirgi da gora ne. Masu kuɗi suna biyan kuɗin tafiya, amma ilimin na waɗanda suka kwana suka tashi a bakin ruwa ne. Haka abin yake a tsaunukan Japan, inda masu kama kifi don sayarwa suka daɗe suna ɗaura nasu da zaren ɗinki da gashin kaza.

Da ka nemi inda zalunci yake a wannan harka, da na taya ka nema, kuma da mun same shi a nahiyarmu. An kai kifin turawut kogunan tsaunukan Kenya a 1905, kuma daga baya ƙasar ta zama ɗaya daga manyan masu ɗaura wa duniya ƙwaro, tare da Siri Lanka da Tailan. Yawancin ƙwarin da ke shagunan Turai da Amurka daga irin waɗannan wurare suke fitowa, daga hannun ma'aikata, mata da yawa a cikinsu, da ke zaune yini guda idanu a kan ƙugiyar da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Bisa dozin ake biyansu. Ƙwaro ɗaya yakan kai dala biyu ko uku a shago, abin da ke isa hannun wadda ta ɗaura shi ɗan kaɗan ne daga ciki, sunanta kuma ba ya kan kwali. Wannan ya fi cancantar fushinka. Kiran aikinta wasan banza ba zai ƙara mata ko sisi ba, sai ma ya ba mai saye hujjar ci gaba da biyanta kamar ba ƙwararriya ba. Haka nan ban wanke kowa ba a batun gashi: har yanzu akwai masu sayar da wuyan zakaran dajin Indiya ta bayan fage duk da dokar da ta hana, kuma duk mai ɗaurin da ya saya bai tambayi takarda ba, ya sa hannu a ɓarnar.

Abin ma ba nesa yake da mu kamar yadda ka zata ba. Kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai kusa da iyakar Adamawa, ya yi suna cikin 'yan shekarun nan wajen masu wannan salon. Da rani suke zuwa, da rana su nemi tsage, sai sun haɗa ƙwaron da guntuwar waya saboda haƙoransa, da dare kuma su tsaya kan duwatsu su jefa wa giwan ruwa. Ƙwaron giwan ruwa ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, mai duhu, mai ƙaton kai da ke tura ruwa, domin cikin duhu kifin ba da ido kaɗai yake farauta ba, yana jin motsi ne da wata jijiya da ta bi gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Kifayenmu ne, waɗanda kakanninmu suka san halinsu ciki da bai.

Ni na koyi ɗaurin ne wajen wani tsoho lokacin da nake karatu a Sukotland, amma tun da na dawo ban sayi gashi daga waje ba. Na zabo nake roƙa wajen masu fige kaji a kasuwa, ɗige-ɗigensa na yin ƙafafun ƙwaro masu kyau. Gashin akuya nake karɓa wajen majema, zare kuma wajen masu ɗinkin hula. Ƙwaron tsage da na giwan ruwa kuwa da gashin dokin da mata ke ƙara wa kitso nake yi, ba ya shan ruwa, haƙori kuma ba ya saurin tsinka shi.

Ranin da ya wuce na kai wasu daga cikin ƙwarin da na ɗaura ƙasan Yawuri. Wani dattijo Basarke da ke gyaran koma a inuwa ya ce in miƙo ya gani. Ya ɗauki wanda na yi don kwaikwayon 'yar kawara, ya jujjuya shi, ya tsoma cikin ruwa ya ja da hannu sau biyu yana kallo. Ya ce, “Ɗana, tafiyarsa ta yi. Amma kawarar da tsage ke bi a nan wutsiyarta ja ce, kai ka yi fara.” Na ce, “Baba, ja sosai ko kaɗan?” Ya tashi ya je jirginsa ya ɗauko guda daga kamun safe, ya buɗe wutsiyar da babban yatsa ya nuna mini. A daren nan, da hasken fitilar waya, na warware jan zare daga bakin wata tsohuwar hula na ƙara wa guda uku. Da safe kafin in iso bakin ruwa na tarar da shi a wurin tare da jikokinsa biyu, ya ce in zauna in ɗaura ɗaya a hankali yaran su ga yadda ake naɗin.